Littattafan Hotuna da Koyar da Jeri Mai Tsari ga Ƙananan Yara: Tarke daga Mahangar Kuchigoro

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an samu ƙaruwar sha'awar amfani da littattafan hotuna wajen koyar da lissafi a azuzuwan share fage da na farkon firamare. Ɗaya daga cikin batutuwan da ake ganin waɗannan littattafai sun fi dacewa da su shi ne koya wa yaro gane jeri mai tsari, wato jerin abubuwan da ke bin wata ƙa'ida, kamar a jera wake, gyaɗa, wake, gyaɗa, ko kuwa a jera tsakuwa ɗaya, sannan biyu, sannan uku, har yaro ya iya faɗin abin da zai biyo baya, daga bisani kuma ya ƙirƙiro nasa jerin. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken wannan hanya ta koyarwa tare da wasu daga cikin littattafan da aka saba ambata idan ana maganarta, domin amfanin malamai da masu tsara manhajar Hausa. An ɗauki Kuchigoro a matsayin ma'auni, saboda littafin da ya ci nasara a hannun yaron Kuchigoro da wuya ya gaza a Kano ko Katsina, alhali akasin haka ba dole ne ya tabbata ba.

Ra'ayin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, zana tsari a shafi bai isa ya koyar da tsari ba. Littafi yana koyarwa ne idan ya sa yaro ya ga ɗan guntun da ake maimaitawa, kuma a nan ne yawancin abin da ake fassarowa daga Ingilishi yake tuntuɓe.

2.0 Yaron da Ake Magana a Kansa

Kuchigoro tana gefen babbar hanyar da ta tashi daga tsakiyar Abuja zuwa filin jirgin sama, ba nisa da rukunin gidajen Games Village. Asalinta mazaunin Gbagyi ne, sannan bunƙasar birnin ta jawo mata leburori da 'yan tireda da ƙananan ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasa. Daga 2014, shekarar da Boko Haram ta mamaye Gwoza a watan Agusta, ɗaruruwan iyalai daga kudancin Barno da arewacin Adamawa suka yada zango a gefenta, aka sami sansanin da aka fi sani da Sabuwar Kuchingoro. Yaron da ke da shekara biyar ko shida a cikin waɗannan iyalai a Abuja aka haife shi. A ɗaki yana iya jin Glavda ko Guduf ko Lamang (harsunan Cadi ne, 'yan'uwan Hausa na nesa, amma Bahaushe ba ya jin su ko kaɗan), a wajen wasa da wajen ɗiban ruwa Hausa ce ko Buroka, a makaranta kuma Ingilishi.

Wannan yanayi yana da sakamako kai tsaye ga batunmu. Hausar wannan yaro Hausar titi ce. Ya san ja da fari da baƙi, ya san kofi da bokiti da kwano, amma babu tabbas ya san algashi ko ruwan makuba, kalmomin da mai fassara a ofis yakan ɗauko daga ƙamus ba tare da wani tunani ba. Haka kuma a irin waɗannan makarantu littafin hoto ba abin da kowane yaro ke riƙewa ba ne. Kwafi ɗaya ne malama ke ɗagawa a gaban aji, yaron da ke layin baya kuma yana hango shi ne daga nesa. Idan ana son ƙarin kwafi, sai a kai shago a yi fotokwafi, launuka duka su koma toka-toka.

Ga kuma batun dokar harshe. Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga bugun 1977 har zuwa na 2004 da 2013, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da tsawaita wannan zuwa dukan shekaru shida na firamare, sai kuma a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga ajin share fage. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki, ma'anarsa ga masu tsara manhajar Hausa a fili take: darasin Hausa shi ne ɗan filin da ya rage inda yaro zai yi tunanin tsari da harshen da yake ji. Abin da aka zuba a wannan fili ya ƙara nauyi ke nan.

3.0 Matsalar Suna da Abin da Ake Son Yaro Ya Gani

Kafin a je ga littattafai, ya kamata a lura da cewa malamai ba su da kalma ɗaya tsayayya da suke kiran wannan abu da ita. Wani ya ce tsari, wani ya ce zubi, wani ya ce zayyana ko salo. Zayyana ta fi karkata ga ado, salo kuma adabi ya riga ya mallake shi, tsari shi kaɗai ya yi faɗi da yawa, domin tsarin mulki ma tsari ne. Shi ya sa aka zaɓi jeri mai tsari a nan. Ɗan guntun da ke maimaituwa kuwa, alal misali wake da gyaɗa a jerin da aka kawo a sama, an kira shi tubali, saboda duk wanda ya taɓa ganin ana ginin ƙasa ya san bango tubali ɗaya ne aka yi ta maimaitawa. Wannan shawara ce kawai. Hanyar daidaita irin waɗannan kalmomi sananniya ce tun daga aikin Hausa Metalanguage da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, kuma ita ya kamata a bi.

Dalilin nacewa a kan tubali ya samo asali ne daga bincike. Marina Papic da Joanne Mulligan da Michael Mitchelmore, a nazarin da suka buga a 2011 kan yaran makarantun reno biyu a Sidni ta Ostareliya, sun gano cewa yaran da ba a yi musu horo na musamman ba suna ɗaukar jeri a matsayin karɓa-karɓar launi kawai: bayan ja sai shuɗi, bayan shuɗi sai ja. Waɗanda aka horar kuwa suna ganin ja da shuɗi a matsayin ƙulli guda da aka maimaita sau kaza. Bambancin kamar ƙarami ne, amma yaron da ya ce "abu biyu ne, sau huɗu" ya riga ya taka dokin ƙofar darasin sau, wanda ke rera "ja, shuɗi, ja, shuɗi" kuwa waƙa kawai yake yi. Bethany Rittle-Johnson da abokan aikinta a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun nuna a 2013 cewa ayyukan jeri hawa-hawa ne wajen wuya: kwaikwayon jeri ya fi sauƙi, sai ci gaba da shi, sai sake gina shi da wasu kayan dabam, mafi wuya kuma shi ne ware tubalin. A wani nazarin na 2017 da ya bi sawun yara 517 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a jihar Tenesi daga shekara huɗu zuwa sha ɗaya, sun ga cewa iya jeri tun da wuri yana cikin abubuwan da ke hasashen ƙwazon lissafi a ƙarshen firamare.

Adalci ne a ambaci cewa ba a taru an zama ɗaya ba a kan wannan. Kwamitin ba da shawara kan lissafi da gwamnatin Amurka ta kafa ya nemi a rage ƙarfin da ake ba batun jeri a rahotonsa na 2008, kuma hasashe ba daidai yake da sanadi ba. Sai dai idan aka duba da kyau, abin da ya cancanci suka shi ne darasin da ya tsaya a kan shafa launi, ja, shuɗi, ja, shuɗi, mako bayan mako. Wannan sukar kuwa ta dace da abin da ake yawan gani a littattafan aikin yara da ake sayarwa a kasuwanninmu.

A manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da hukumar NERDC ta fitar a 2007, aka yi mata kwaskwarima a 2012, an kasa lissafin firamare kashi biyar, kuma jeri mai tsari bai sami kaso nasa na kansa ba. A Afirka ta Kudu kuwa yana cikin manyan sassan lissafi tun daga ajin share fage, haka ma manhajar Gana ta 2019 ta sa shi a ƙarƙashin aljabara tun daga aji ɗaya. Abin da bai sami gurbi bayyananne a manhaja ba, malami yakan ɗauke shi wasa ne na cike lokaci.

4.0 Tarken Wasu Littattafai

4.1 Pattern Fish

Wannan littafi na Trudy Harris, wanda aka buga a Amurka a 2000, shi ne aka fi ambata idan ana maganar koyar da jeri. An rubuta shi ne takanas domin wannan aiki. Kowane buɗi yana kawo wata halittar ruwa da jerinta, a fara da mai abu biyu, a tafi zuwa masu sarƙaƙiya, kuma ana maimaita jerin a jikin halittar da gefen shafi da cikin kalmomin da ake karantawa. Babbar dabararsa ita ce yakan bar jerin a rataye, sai an juya shafi a ga cikonsa, ta yadda yara za su riga malama faɗa. Wannan dabara ta cancanci aro, kuma ba ta buƙatar ko sisi.

Matsalar tana tasowa ne idan aka ce za a mayar da shi Hausa. Rabin aikin littafin kunne ne ke yin sa: kalmomin Ingilishin gajeru ne, suna tafiya da kari da amsa-amo, har jerin ya zama kamar kiɗa. A ɗauki jerin launi biyu, ruwan ɗorawa da baƙi. A Hausa na farkon gaɓa biyar ne, kalma biyu, na biyun gaɓa biyu. Yaron da ke saurare ba zai ji abu biyu masu nauyi ɗaya ba, zai ji abu uku ne: ruwan, ɗorawa, baƙi. Ido na cewa tubalin abu biyu ne, kunne na cewa uku, wato fassarar ta bi ma'ana daidai amma ta rushe abin da aka rubuta littafin dominsa. Da a ce mai fassara ya musanya launin ya ce fari, baƙi, da ya dace, domin kalmomin biyu sifarsu ɗaya, gaɓa mai sauƙi sannan mai nauyi, kuma dukansu da karin sama. To amma wannan yana nufin sake zane, kuma mai fassara ba shi da iko a kan zane. Akwai kuma jinsi, wanda Ingilishi bai damu da shi ba: farin kifi amma farar kaguwa, baƙi, baƙa, baƙaƙe. Launin da yaro ya kamata ya riƙe a matsayin abu ɗaya sai ya riƙa sauya riga daga shafi zuwa shafi.

Wannan gargaɗi ya shafi taskokin intanet irin su African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, waɗanda dukansu suna ɗauke da labarai cikin Hausa, da yawansu fassararru. Alheri ne babba, domin kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda a sauya. Amma mai zaɓo wa aji littafin jeri daga can ya kamata ya karanta shi da babbar murya, yana tafi, kafin ya amince da shi.

Aibu na biyu bai shafi fassara ba. Shafukan littafin cike suke da ado, kuma jeri da yawa sun dogara ga launi. Daga layin baya na aji, ko bayan fotokwafi, abin da ya rage kifi ne kawai. Sannan littafin ya fi horar da yaro ga tambayar "me zai biyo baya?", wadda ake iya amsa ta da karɓa-karɓa ba tare da an ga tubali ba.

4.2 The Very Hungry Caterpillar

Littafin Eric Carle na 1969 misali ne na jeri mai ƙaruwa: tsutsa ta ci 'ya'yan itace ɗaya ran Litinin, biyu ran Talata, har biyar ran Juma'a, kuma an yanka shafukan hawa-hawa ta yadda hannu ma yana jin ƙaruwar. Wannan yanka da ramukan da aka huda su ne ƙarfinsa, su ne kuma suka sa ya yi tsada, ba ya kwafuwa. Yawancin 'ya'yan itacen ba su da suna a Hausa, in ban da lemo da tuffa. Abin dariya kuma, yawancin sunayen ranakunmu daga ƙidayar Larabci suke, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, don haka a Hausa kowace daga cikin irin waɗannan ranaku tana gaba da adadinta da ɗaya. Yaro ɗan shekara biyar ba zai lura ba, amma marubucin Hausa da ya fara nasa labarin daga Lahadi zai sami daidaiton da Carle bai samu ba.

4.3 Handa's Surprise

A ganin wannan nazari, littafin da ya fi cancantar a yi koyi da shi shi ne wanda ba a rubuta shi don lissafi ba. Eileen Browne ta buga shi a Ingila a 1994, ta gina shi a kan wata yarinya a Kenya da ta ɗauko 'ya'yan itace bakwai a kwando bisa kanta za ta kai wa ƙawarta Akeyo. A hanya dabbobi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, biri da jimina da giwa da raƙumin dawa da sauransu, kowace ta ɗauke ɗaya, ita kuwa ba ta sani ba. Rubutun bai taɓa faɗin an ɗauke komai ba, yana bin tunanin yarinyar ne kawai game da wanda ƙawarta za ta fi so. Hoto ne kaɗai ke ɗauke da jerin.

Abin da ke faruwa a nan ya cancanci a tsaya a kansa. Yaro mai kallo ya san abin da tauraruwar labarin ba ta sani ba, wannan kuma yana tilasta masa magana. Shi ne zai ce saura biyar, shi ne zai ce wata dabba za ta sake zuwa. Ba malama ce ta tambaye shi ba, labarin ne ya matsa masa. Akwai jeri biyu a haɗe: mai maimaituwa (tafiya, dabba ta leƙo, ta ɗauka) da mai raguwa (bakwai, shida, biyar). Saboda jerin yana cikin aukuwa, ba cikin amsa-amo ko launi ba, fassara ba ta iya ɓata shi, fotokwafi ma haka. Yaron da Hausarsa ba ta nuna ba yana iya binsa da ido. Ɗaukar kaya a ka, da ayaba da gwaiba da mangwaro da abarba, duk abubuwa ne da yaron Kuchigoro ke gani kullum a bakin titi. A ƙarshe kuma akuya ta tunkuyi bishiya, kwandon ya cika da tanjarin, jerin ya karye. Karyewar tana ba yaro dariya ne kawai idan ya riga ya kama ƙa'idar, don haka dariyar kanta gwaji ce da malama za ta iya dogara da ita.

Wannan ya yi daidai da abin da Marja van den Heuvel-Panhuizen da abokan aikinta suka ruwaito a 2016 daga ƙasar Holan, inda aka yi wata uku ana karanta wa yaran share fage littattafan hotuna na adabi masu ɗauke da lissafi a cikin labarinsu, aka ga sun fi takwarorinsu ci gaba a gwajin lissafi. Iyakar littafin ita ce ba ya kai yaro ga gina nasa jerin. Wannan sai malama.

5.0 Abin da Hausa Take da Shi

Ba daga sifili za a fara ba. Shirin RANA, wanda aka soma a 2015 a Katsina da Zamfara da tallafin UNICEF da gwamnatin Birtaniya, ya samar da labaran Hausa da ake karanta wa yara domin cusa lissafi, shirin Mu Karanta kuma ya samar da littattafan koyon karatu a Bauci da Sakkwato. Sun tabbatar da cewa ana iya rubutawa da Hausa kai tsaye. Amma an tsara su ne domin jihohin da Hausa ta fi kafuwa, kuma karatu ne babban burinsu.

Shi kansa harshen cike yake da jeri. Hausa tana da hanyar nahawu ta faɗin tubali: ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku. Malamar da ta ce "ku jera su bibbiyu" ta faɗi da kalma ɗaya abin da Ingilishi ke bukatar yanki guda kafin ya faɗa. Jam'i ma jeri ne: ƙofa, ƙofofi, taga, tagogi, hanya, hanyoyi. Yaro ba ya haddace waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ƙa'ida yake kamawa, ya maimaita baƙin ƙarshe tsakanin wasula biyu, shi ya sa idan ya ji sabuwar kalma yakan ƙera mata jam'i nan take. Shafin da ya nuna ƙofa ɗaya da ƙofofi, taga ɗaya da tagogi, sannan ya nuna fitila ɗaya ya bar gurbi, darasin Hausa ne kuma darasin tsari ne (ko da yaron ya ce fitiloli a inda wasu ke cewa fitilu, ya nuna ya kama ƙa'ida, kuma abin da ake nema ke nan). A ƙidaya kuwa, goma sha ɗaya, goma sha biyu, tsarin a bayyane yake, amma da an kai ashirin, talatin, arba'in, sai ya ɓuya, domin aro ne daga Larabci. Tsohuwar ƙidayar gomiya biyu, gomiya uku ta fi nuna shi, kuma babu laifi littafin hoto ya farfaɗo da ita a gefen damin kara goma-goma.

Tatsuniyoyi masu sarƙa, inda wannan ke aika wancan, wancan ya aika na gaba, ana ƙara mahaɗi ɗaya kowane zagaye, jeri ne mai ƙaruwa tsantsa, kuma tun 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi domin makaranta a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni. Abin da ya rage shi ne mai zane da zai nuna sarƙar tana tsawo daga shafi zuwa shafi.

Sana'o'in hannu kuwa suna bukatar hattara. Tun bayan littafin Africa Counts na Claudia Zaslavsky a 1973 ya zama al'ada a ce lissafi yana cikin saƙa da ɗinki da zanen gida, kuma gaskiya ne. Amma ɗora hoton dagi ko aska takwas a bangon littafi ado ne kawai. Tsarinsu na daidaiton ɓangarori ne, ya fi ƙarfin ɗan shekara biyar. Waɗanda suka dace da shi su ne masu layi ɗaya: jigida, tsakiya, bakin tabarma, zoben faifai, carbi mai talatin da uku sau uku.

6.0 Daga Ganewa Zuwa Ginawa

Akwai wani abu da littattafan waje ba za su taɓa hangowa ba. Yaron da ya fara da makarantar allo idonsa daga dama yake farawa. Idan aka jera kofi, kwano, kwano, kofi, kwano, kwano, shi zai karanta kwano, kwano, kofi, ya ce wannan ne tubalin. Bai yi kuskure ba. Malamar da jagoranta bai faɗakar da ita ba za ta ja masa jan biro, alhali ya nuna fahimtar da ake nema. Ya kamata ko dai shafi ya nuna mafari da alama, ko kuwa, wanda ya fi, a mai da saɓanin abin tattaunawa a aji.

Haka kuma batun laƙabi. Emily Fyfe da Nicole McNeil da Rittle-Johnson sun nuna a 2015 cewa yaran da aka bayyana musu jeri da haruffa sun fi waɗanda aka bayyana musu da sunayen launi iya sake gina shi da wasu kaya. Dalilin a fili yake: laƙabin da ba ya manne da abu ɗaya yana tafiya daga jeri zuwa jeri. Amma a ajin da ake koyar da sautin haruffan Hausa da sunayen haruffan Ingilishi a lokaci guda, ƙara wa harafi aiki na uku rikici ne. Tafi da taka ƙasa za su yi wannan aiki: tafi, tafi, taka. Ba su da harshe, don haka ɗan Glavda da ɗan Gbagyi da Bahaushe sun yi daidai a gabansu.

Bisa ga wannan, littafin gwaji da ya kamata a fara da shi ba mai tsada ba ne. Takarda huɗu aka naɗe biyu sun ba da shafi 16. Zanen ya zama baƙi da fari, manya-manyan siffofi da ake bambancewa daga nesa, jerin kuma ya kasance cikin abin da ke faruwa a labarin. Alal misali, yarinya tana kora kaji cikin akurki da yamma: kaza, kaza, zakara, kaza, kaza, zakara, kaza, kaza, sai a juya shafi. Kowane tubali ya cika aƙalla sau uku kafin a bar gurbi, domin sau biyu bai isa ya tabbatar da ƙa'ida ba. A wani shafin a zana kowane rukuni cikin kwandonsa, yadda tubalin zai fito ƙarara, a tambayi kwando nawa, ba kaza nawa ba. A shafi na gaba jerin ya dawo da wasu kaya, kofi, kofi, buta, ba tare da an ce iri ɗaya ne ba, a bar yara su gano. Can gaba agwagwa ta kutso inda ba wurinta ba. Shafi biyu na ƙarshe a bar su da kwanduna wayam, yara su cika su da marafan kwalba da tsakuwa da ƙwallon dabino, kowa ya gina nasa, maƙwabcinsa ya faɗi tubalin, sannan ya tafa shi.

Jagoran malami kada ya wuce shafi ɗaya, kuma tambayar da za ta fi yawa a cikinsa ita ce "mene ne ake ta maimaitawa, kuma sau nawa?" Kafin a kai irin wannan littafi maɗaba'a, a fara karanta shi ga yaran da Hausa ba harshen ɗakinsu ba ce, a Kuchigoro ko Durumi ko Wassa, mai gwajin kuma ya zauna a layin baya, ya rubuta kowace kalma da ta sa yara suka dubi juna.